Bashin Chesapeake: Me Ya Sa Mai Tarkon Kaguwa Kaɗai Ake Bi?

Kowace shekara, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da sanyi ya sa kaguwa ta binne kanta cikin laka a ƙasan mashigin tekun Chesapeake, masu bincike daga jihohin Maryland da Virginia na Amurka sukan fita da jiragen ruwa su ja manjagarar ƙarfe a wurare 1,500, su ƙirga abin da ta kwaso. Tun 1990 ake wannan ƙidaya, kuma da ita ake yanke wa masunta hukuncin shekara. A 1991 ta nuna shuɗiyar kaguwa sama da miliyan 800 a mashigin. A 2022 ta nuna miliyan 227, adadi mafi ƙanƙanta tun da aka fara. Ta ɗan farfaɗo ta haura miliyan 300 a shekaru biyun da suka biyo, sannan a 2025 ta sake zubewa zuwa miliyan 238. Duk lokacin da irin wannan adadi ya fito, abu guda ake fara yi: a rage wa mai tarko yawan kwandon da zai sauke a rana, ko a gajarta masa lokacin kamu. Ra'ayina shi ne wannan ragi yana da hujja, kuma bai kamata a ɗage shi ba. Amma an mai da shi kusan maganin da ake da shi kaɗai, alhali abin da ya fi cin kaguwar Chesapeake a yau daga tudu yake gangarowa, daga gonaki da birane inda mutum sama da miliyan 18 ke zaune. An bar jaki ana dukan taiki, don kawai taikin ne ke kusa da hannu.

Sai an ga tarkon kansa kafin a gane dalilin da ya sa mai shi ya zama mai saukin kamawa. Keji ne na ragar waya mai kusurwa huɗu, kowane gefe kamar santimita 60, an ɗaura masa sandar ƙarfe a gindi don ya zauna daram a ƙasan ruwa. A ƙasansa akwai ƙofofi masu faɗin baki da tsukakken ciki, irin dabarar da ke jikin gurar masuntanmu: shiga da sauƙi, fita da wuya. A tsakiya akwai ƙaramin bututun raga da ake cusa koto, galibi wani kifi mai maiƙo da ake kira menhaden. Kaguwa ta shiga, ta kasa kai wa ga koton yadda take so, ta tsorata. Ita kuwa ɗabi'arta in ta tsorata sai ta yi sama. Nan za ta bi wata kafa ta faɗa ɗakin sama, inda za ta zauna har mai tarko ya zo. Wani mutumin Virginia mai suna Benjamin Lewis ne ya yi rajistar wannan ƙira a 1928, ya kuma gyara ta a 1938, har yau kuwa ba ta canja sosai ba. Igiya ke haɗa kejin da ƙwallo mai iyo a saman ruwa, an shafa masa fenti na mai shi an rubuta lambarsa. Masunci yakan tashi tun kafin asuba, shi da yaro ɗaya ko biyu, su bi layin ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya: a ƙugiyo igiya, a jawo kejin, a zazzage shi a kan tebur, a zubar da tsohon koto a cusa sabo, a mayar da shi ruwa, jirgi bai ko tsaya ba. Haka za a yi sau ɗaruruwa kafin rana ta take. Galibi kaguwa da ranta take fitowa, ana iya auna ta da ɗan katako, wadda ba ta kai inci biyar ba a jefa ta ta koma. Doka ta ma tilasta a saka zobba a jikin ragar, ƙanana su fice da kansu tun a ƙasa. A Maryland awa takwas aka yarje wa masunci a yini, da hutun dole na rana ɗaya a mako. Ga lamba a ƙwallo, ga lasisi a aljihu, ga kwando a bakin gaɓa. Babu wani mai taɓa ruwan nan da ake iya ƙirga aikinsa kamar shi.

Rayuwar kaguwar ce ta sa dokar kare mata ta zama dole. Mace sau ɗaya take barbara a rayuwarta, daidai lokacin da ta yi saɓarta ta ƙarshe, jikinta na da taushi, namiji yana rungume da ita yana kare ta har sabon ɓawonta ya yi tauri. Daga nan sai ta ajiye maniyyin a jikinta, ta kama doguwar tafiya zuwa kudu, bakin mashigin da ke Virginia, inda ruwa ya fi gishiri. Mashigin kuwa tsawonsa ya kai kilomita 300. A can take fitar da ƙwai a dunƙule ƙarƙashin cikinta, kamar miliyan biyu a ɗauka guda. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe ba a mashigin suke girma ba. Igiyar ruwa ke fitar da su cikin tekun Atilantika, su yi makonni suna yawo, sannan in iska ta yi daidai ta turo su su dawo, su ɓuya cikin ciyawar ƙarƙashin ruwa har su yi ƙarfi. Kaguwa ba ta cika wuce shekara uku ba. Wato duk shekara ana sake zuba jari ne daga farko, kuma jarin nan mata ne da ke tafiya a jere ta hanya guda, a lokaci guda, zuwa wuri guda da kowa ya sani.

Tsofaffin masunta suna da amsarsu, kuma ba amsar banza ba ce. Suna cewa kaguwa tana zuwa tana tafiya tun zamanin kakanninsu, shekarar yalwa na bin shekarar rashi ba tare da izinin wani jami'i ba, kuma iska da sanyi ne ke yanke hukunci, ba yawan tarko ba. Rabin wannan magana gaskiya ce: guguwa ɗaya a lokacin dawowar 'ya'ya, ko hunturu mai tsanani da ya kashe manya a cikin laka, na iya juya adadin shekara. Amma abin da ya faru a 2008 ya nuna ɗaya rabin. Bayan shekaru goma kaguwa na ƙasa, ƙidaya ba ta kai miliyan 300 ba, gwamnan Maryland Martin O'Malley da na Virginia Tim Kaine suka amince a rage kamun mata da kashi 34 cikin ɗari. Virginia ta rufe kamun hunturu, wanda ake yi da manjagarar ƙarfe ana tono kaguwa daga inda ta kwanta, mafi yawanta kuwa mata ne masu jiran bazara su yi ƙwai. Gwamnatin tarayya ta ayyana sana'ar a matsayin wadda bala'i ya faɗa wa, ta ba da kuɗin tallafi. Shekara biyu kacal bayan haka ƙidaya ta haura miliyan 650, a 2012 ta wuce miliyan 750. Mai musu zai ce yanayi ne ya taimaka, kuma wataƙila ya taimaka. Sai dai iska ba ta dawo da 'ya'yan da ba a haifa ba. Ba wanda ke da iko a kan iska, amma yawan matan da za su kai bakin teku da ransu yana hannun mutane, kuma wauta ce a saki abu guda da ake riƙe da shi don akwai wani da ba a riƙe da shi ba.

To amma a nan ne labarin ya juya, kuma nan ne hujjata ta fi nauyi. Dokar 2008 tana nan, an ma ƙara mata. A 2022 Maryland ta sa wa kamun maza iyakar kwando a karon farko. Kwamitin masana da ke duba lafiyar wannan kaguwa ya sha bayyana a shekarun nan cewa kamun bai wuce kima ba, kuma yawan mata na sama da layin haɗari na miliyan 72.5, ko da yake bai kai miliyan 196 da ake buri ba. Duk da haka ƙanana ba sa zuwa. Shekara bayan shekara adadin 'ya'yan da ke tsira ya kasance ƙasa da yadda aka saba. Iyaye na nan, 'ya'ya babu. In masunta sun bi doka kuma abin bai gyaru ba, hankali ya ce a ɗaga kai a duba abin da ke jiran 'ya'yan idan sun dawo daga teku. Abin da ke jiransu shi ne mashigi mai zurfin da bai wuce mita shida da ɗoriya ba a matsakaici, wanda ke karɓar ruwan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 166,000, daga jihohi shida da birnin Washington. Kogin Susquehanna shi kaɗai ke kawo kusan rabin ruwan daɗin da ke shiga, yana ratsa gonakin Pennsylvania masu shanu da masara. Takin zamani, kashin shanu, kashin kajin da ake kiwo da yawa a gabashin mashigin, ruwan masai na birane, da wankin tituna, duk nan suke ƙarewa. Sinadaran da ke cikinsu suna ciyar da gansakuka. Ta yi yawa ta tare hasken rana, ciyawar ƙasa ta mutu. Ita ma gansakukar ta mutu ta nutse ta ruɓe, ruɓar ta shanye iskar oksijin. Kowace bazara sai an sami yanki mai faɗi a tsakiyar mashigin inda abu mai rai ba ya iya numfashi. Kaguwar da ke sake tana gudu. Wadda ke cikin keji ba ta da inda za ta, mai tarko ya jawo ya tarar da gawa.

Ciyawar nan ita ce ɗakin renon kaguwa, kuma tarihinta na baƙin ciki ne. Guguwar Agnes ta 1972 ta binne ta da laka, ba ta koma yadda take ba. Burin da aka sa shi ne eka 185,000. A 2018 an kai wajen eka 108,000, aka yi murna, sai ruwan sama mai yawa ya kwaso ƙazanta, a shekara guda ta faɗo ƙasa da eka 70,000. Nau'in da kaguwa ta fi dogara da shi a kudancin mashigin ba ya jure zafi, ruwan kuwa ƙara ɗumi yake. A kan wannan aka ƙara wata masifa da hukuma ce da kanta ta jawo: a shekarun 1970 aka zuba wata babbar tarwaɗa ta kogunan tsakiyar Amurka a kogunan James da Rappahannock da ke zuba a mashigin, don masu kamun nishaɗi su ji daɗi. Ta jure gishiri fiye da yadda aka zata, ta bazu ko'ina, tana haɗiye ƙananan kaguwa. Binciken cibiyar nazarin teku ta Virginia ya ƙiyasta tana cin sama da miliyan biyu a shekara a wani ɓangare na kogin James kaɗai. Kuma kada a ɗauka kaguwar nan raguwar halitta ce. Irinta da ta tsallaka Turai ta cika bakin kogin Po a Italiya har ta cinye wa masu kiwon ƙumba dukiyarsu, gwamnatin ƙasar ta ware Yuro miliyan 2.9 a 2023 don a rage ta. Halittar da ke neman gagarar mutane a ƙasar baƙi, in ta kasa riƙe zuriyarta a gida, gidan ne ya lalace.

Akwai masu cewa tunda haka ne, a rufe kamun baki ɗaya na 'yan shekaru, kaguwa ta huta. Ina ganin tausayin da ke cikin wannan magana, amma ba na goyon bayanta. Da fari, ba ta dace da cutar ba: in ƙarancin mata ne matsala, rufewa zai yi magani, amma in 'ya'ya ne ke mutuwa don rashin mafaka, ƙarin ƙwai ƙarin abincin tarwaɗa ne. Na biyu, sana'a irin wannan ba fitila ba ce da za a kashe a sake kunnawa. Tsibirin Tangier na Virginia, wanda ya shahara da kaguwa mai taushin ɓawo, mutanensa 727 ne a ƙidayar 2010, suka koma 436 a ta 2020, ƙasarsa kuma ruwa ya riga ya ci kashi biyu cikin uku tun 1850. A can da tsibirin Smith da garin Crisfield, mutane na kwana suna duba kwatamniyar ruwa da suka zuba kaguwa mai shirin saɓa, suna gane ta da ɗan layin ja a gefen ƙafar iyo, don in ta saɓe aka bar ta sa'o'i kaɗan ɓawon zai fara tauri, kuɗinta ya faɗi. Wannan ilmi a jirgi ake koyonsa, daga uba zuwa ɗa. Shekara uku babu kamu, samari sun tafi aikin jiragen dakon kaya, masana'antar ɓare nama ta rufe, wani mai kuɗi ya saye bakin gaɓar ya gina gidan hutu. Ranar da za a buɗe, ba za a tarar da kowa ba. Na uku kuma shi ne wanda ake mantawa: masunta su ne mutanen da cikinsu ke ɗaure da tsabtar ruwan nan. Mai gona a Pennsylvania wataƙila bai taɓa ganin mashigin ba. In aka kore masu tarko, an rasa muryar da ta fi kowa dalilin yin kuka.

Ba ina wanke su tas ba ne. Tarkon na da nasa laifin, mafi girma kuwa shi ne kejin da ya ɓace. Farfelar jirgi ta yanke igiya, ko guguwa ta ja ƙwallo ta nutsar, sai kejin ya zauna a ƙasa yana kamu ba mai zazzagewa. Kaguwa ta shiga ta mutu, gawarta ta zama koto ga ta bayanta, haka har wayar ta ruɓe. Wani rahoto na 2016 da hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta ɗauki nauyi ya ƙiyasta ana asarar kashi 12 zuwa 20 cikin ɗari na keji duk shekara, akwai kusan 145,000 a kwance a ƙasan mashigin, suna kashe kaguwa sama da miliyan uku. Kififiyar bakin gaɓa ma na shiga ta kasa fitowa shan iska ta nutse, shi ya sa Maryland ta tilasta wa masu tarkon nishaɗi saka ƙaramin firam a ƙofa da zai tare ta. Amma a dubi yadda aka yi da wannan matsala, domin a nan darasin aiki yake. Da aka rufe kamun hunturu a 2008, Virginia ta ɗauki kuɗin tallafin bala'i ta ɗauki masuntan da suka rasa aiki haya, ta ba su na'urar da ke gano abin da ke ƙasan ruwa da amsa-kuwwar sauti, ta ce su nemo ɓatattun keji. Daga 2008 zuwa 2014 an fitar da 34,408. Masana uku na cibiyar Virginia, Andrew Scheld da Donna Bilkovic da Kirk Havens, sun yi lissafi suka wallafa a 2016 cewa cire su ya ƙara kamu da tan 13,500, wanda ya kai dala miliyan 21, domin kejin mai rai ya daina gasa da matacce. Mutanen da aka ɗauka su ne matsala, su ne suka fi kowa sanin inda igiya ke yankewa da inda ruwa ke tara shara.

Za a ce wannan sadaka ce da aka sa wa rigar aiki, kuma kasuwa ta riga ta yanke hukunci: naman kaguwa daga Venezuela da Indonesiya ya fi araha, masana'antun tsibirin Hoopers da ke cikin mashigin ma ba sa iya ɓare nama sai da matan Meziko masu bizar aikin wucin gadi, har a 2018 da aka raba bizar ta hanyar ƙuri'a wasu suka wayi gari babu ma'aikaci ko ɗaya. Me ya sa za a riƙe sana'ar da ke tangaɗi? Amsata ita ce lissafin kasuwar nan bai cika ba. Mai kiwon kaji da mai gonar masara da birnin da bututunsa ke ambaliya ranar ruwan sama, duk suna zubar da shararsu kyauta, masunci ke biya da raguwar kwandonsa. Wannan shi ne tallafin gaskiya da ke gudana a Chesapeake, kuma daga mai tarko yake tafiya zuwa tudu. Biyansa don ya fitar da keji, ko ya dasa ciyawa, ko a buɗe masa kasuwar tarwaɗar nan ya kama ta da yawa, mayar masa da kaɗan ne daga abin da aka karɓe masa ba da saninsa ba.

Bambancin yadda ake bin ɓangarorin biyu shi ne abin da ya fi ci mini rai. A 2010 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa wa jihohin iyakar ƙazantar da za su zuba, ta ba su zuwa 2025. Pennsylvania ta yi nisa a baya har Maryland da Virginia da Delaware da birnin Washington suka kai hukumar kotu a 2020 don ta ƙi tilasta mata. Aka sasanta a 2023. Shekarar 2025 ta zo, ba a cika alkawarin rage sinadarin naitirojin ba. Jiha ta yi shekara goma sha biyar tana saɓa alkawari, abin da ya biyo baya taro ne da sabon wa'adi. Masunci ya haura kwando ɗaya, jami'in ruwa na jiransa a gaɓa da takardar tara, in ya maimaita lasisinsa ya tafi. Wannan rashin daidaito ne ke sa masunta su daina yarda da masana, kuma daga nan ake samun mugun mataki. A Yunin 2024 hukumar albarkatun teku ta Virginia ta kaɗa ƙuri'a, biyar da huɗu, ta ɗage haramcin kamun hunturu, Maryland ta yi tir da hakan, sannan kafin shekarar ta ƙare hukumar ta janye ta bar shi a rufe har a kammala sabon nazarin yawan kaguwar. Janyewar daidai ce. Tono mata masu ciki daga laka ba zai cika wa kowa kwando a bazara ba. Amma wanda ya nemi masuncin Tangier ya ci gaba da haƙuri da wannan haramci, dole ya iya nuna masa eka nawa na ciyawa aka dawo da ita bana, tan nawa na taki aka tare a Susquehanna, da kuma wanda aka ci tara a tudu da bai cika nasa ba.